Gambo da Ruwan da Suruki Ba Ya Gani

Duk wanda ya zauna Madarumfa a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai ya san Gambo mai kifi, ko da bai taɓa cin kifinsa ba. Dogo ne, siriri, mai faɗin tafin ƙafa, kullum yana bisa wani baƙin keke da kwanduna biyu ɗaure a baya, in ya wuce ka sai ƙamshin banda ya tsaya yana gaishe ka. Bayan tagwaye aka haife shi, shi ya sa sunan. Tagwayen kuwa sun tashi da tsoron ruwa, sai an yi kokawa da su kafin a yi musu wanka, har uwarsu takan ce duk rabon ruwan gidan Gambo ne ya kwashe shi kaɗai.

Gidan ubansa yana kan gaɓa, ƙofar zaure tana kallon tafki. Ƙasa da gidan kaɗan akwai wani wuri da su 'yan unguwar suke ce wa Bakin Yashi. Tafkin babba ne, amma ba ko'ina ake iyo ba. Wani gefen laka ce mai riƙe ƙafa, wani ciyawa ta cinye, wani na masunta ne da tarunsu, wani kuma na mata masu wanki. Bakin Yashi ne kaɗai ke da yashi mai tsabta a ƙasa, da zurfin da zai ɗauki namiji. A nan Gambo ya koyi iyo tun bai iya ɗaura wa kansa bante ba, a nan kuma ake zuwa kamo shi duk ranar da aka neme shi gona aka rasa.

A jikin Bakin Yashin akwai lambun albasa na Malam Alhassan, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji, wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali. A zamanin ƙuruciyar Gambo, in Malam Alhassan ya gama ban ruwa da hantsi, yakan rataye rigarsa a kan darni, ya faɗa tafki, ya miƙe har sai kansa ya koma kamar ƙwallon goruba a tsakiyar ruwa. Yara su jeru a gaɓa baki buɗe. Ba wanda ya zaunar da Gambo ya koya masa fitar da hannu ko yin kurme, a jikin mutumin nan ya sata da ido.

To, Allah da ikonsa, da Gambo ya isa aure sai zuciyarsa ta rasa inda za ta faɗa duk faɗin garin sai kan Ɗelu, ɗiyar Malam Alhassan. Aka sha biki shekara biyu bayan mulkin kai, aka kawo amarya gidan kan gaɓa. Da hidima ta lafa, wata safiya ango ya saɓa bantensa a kafaɗa zai gangara kamar yadda ya saba, sai ya hango malafar surukinsa tana motsi a cikin lambu. Nan ya tsaya cak a bakin zaure. Duk lissafin da ya yi kafin aure, wannan ɗaya bai zo masa a rai ba.

Kowa ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kama sunansa, in ka hango shi a hanya ka cire takalmi ka durƙusa, in da hali ma ka saki hanyar ka bi ta gona. To wanda ko loma ba za ka kai baki a gabansa ba, ta yaya za ka tuɓe a kan idonsa ka yi tsalle cikin ruwa? Wanda surukinsa ya gan shi da bante ya gama yawo. 'Yan mata za su sa shi a waƙar dandali, matarsa ta rasa inda za ta sa fuskarta, tsohon kuma ba zai ƙara yarda su haɗa hanya ba. Gambo yana son Ɗelu, yana kuma ganin girman ubanta tun kafin a yi surukuta. Tafki kuwa fili ne, ido yana cin nisa a kansa. Sai ya koma ciki ya yi wanka da ƙwarya a bayan ɗaki, yana zuba ruwan yana jin kamar ya yi kuka.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kowace safiya sai ya je bakin ruwa ya sayi kifi wajen masunta, ya kawo gida a yi banda, ruwan yana taɓa masa yatsun ƙafa, shi kuwa yana cikin riga da hula kamar liman. Ya lura dai shi ma Malam Alhassan ya daina shiga tafki, amma bai kawo komai a ransa ba. Ya ce girma ne ya zo wa tsohon, wanda ya aurar da ɗiya ai ya wuce wasan ruwa.

Daminar farko bayan auren, yana dawowa daga kasuwar Safo, kwanduna wayam, rana ta buɗe bayan ruwan safe tana dafa mutum a cikin rigarsa, sai ya ga kirinjijiya biyu sun tashi daga bayan wata gonar dawa. Ɗan bakin tafki ya san tsuntsun nan ba ya zama a tudu. Ya kwantar da keke cikin ciyawa, ya kutsa cikin dawa, ganye yana yankar masa hannu, gabansa yana faɗuwa kamar mai zuwa zance. Yana fita ɗaya gefen sai ga wani kwari cike da ruwa, bado ya yi fure a baki, wata babbar kanya ta shimfiɗa inuwa a kai, babu sawun ɗan Adam ko ɗaya. Ya duba gabas, ya duba yamma. Ya yi sallama ga masu wurin, don ruwa ba ya rasa masu shi, sannan ya watsar da kaya ya faɗa.

Daɗin da ya ji ranar nan bai taɓa iya faɗarsa ba har ya tsufa. Ya yi kurme, ya yi rigingine, ya yi dariya shi kaɗai har ya sha ruwa ya ƙware. Sai bayan la'asar ya iso gida, ido jawur, yana 'yar waƙa.

Ɗelu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Mi ya samu idonka?”

Ya ce, “Iskar hanya ce.”

Ta ce, “Iskar Safo har laka take sa ma mutum bayan kunne?”

Dole ya faɗa mata. Ta yi dariya har ta saki muciya, sannan ta ce Allah shi kiyaye shi da kada, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Daga ranar nan fatauci ya zame wa Gambo abu biyu. Kifi yake kai wa kasuwa, amma ruwa yake nema. Sauran 'yan kasuwa suna tafe suna zancen farashin gyaɗa, shi idonsa yana kan itatuwa, inda ya ga goruba da giginya sun yi cincirindo sun fi na kewaye duhu sai ya sa alama a ransa. Yana kallon inda balbela ke nufa da yamma. Yana duba ƙafafun shanu, in ya ga ɗanyar laka ta kai musu gwiwa sai ya bi sawunsu ta baya. Matan Fulani masu tallan nono sun san shi, da sun hango keken sai su fara dariya, don sun san zai sayi nono na dala ɗaya ya yi tambaya ta dala goma. In ya samu ruwa kuma ba ya faɗawa haka nan. Sai ya zagaya ya duba ko akwai inda kada ya ja ciki, ya jefa dutse ya saurari zurfi, ya tsoma hannu ya jira ya ga ko matsattsaku za su zo gaisuwa.

Kowane ruwa ya raɗa masa suna. Na bayan Safo ɗin nan Uwargida yake ce masa, don shi ne na fari. Akwai wani a hanyar Sarkin Yamma da ya ɓuya cikin dogayen ciyayi, sai ka ɗaga su kafin ka gan shi, shi ne Amarya. Akwai Marowaciya, wani ɗan gurbi a cikin gulbi, mai sanyi har cikin ƙashi, wanda hannu uku ka kai ƙarshensa. In ya zauna a tsakar gida yana ba Ɗelu labarinsu, hannu yana yawo a iska, sai ka rantse garuruwa ya ci da yaƙi. A majalisar ƙofar masallaci ma bakinsa bai cika riƙe sirri ba, yakan ce ba zai faɗi wurin ba, sannan ya kwatanta shi har makaho ya iya zuwa.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Wata rana saniya ta tauna masa rabin hannun riga yana can tsakiyar ruwa yana kallo. Wata rana kuma, kusa da iyaka a hanyar Jibiya, 'yan duwan biyu, wato ma'aikatan kwastan, suka ga mai keke da kwanduna ya saki hanya ya shige daji yana waige-waige. Ai ba sai an faɗa musu ba, suka ce ga ɗan fasa ƙwauri. Suka lallaɓa suka bi shi cikin ƙaya, suka tarar da keke a jingine, kwanduna babu komai sai ƙarni, mai kayan kuwa yana kwance bisa ruwa yana kallon sama. Suka tambaye shi abin da ya ɓoye a ƙasan ruwan, ya ce su shigo su duba. Ɗaya ya yi tsaki ya juya. Ɗayan ya tsaya jim, ya cire takalma, ya zauna a baki ya tsoma ƙafa, har suka rabu suna abokai. Amma Gambo bai ƙara komawa wurin ba, ya ce ruwan da hukuma ta sani ya tashi daga nasa.

Bayan 'yan shekaru sai ya fara ganin abin da bai gamshe shi ba. Ya je Amarya ya tarar da kashin jaki a ƙarƙashin itace. Ya je Uwargida ya ga an sare wata ƙaya da ta daɗe tana kama masa wando, an kuma dasa faffaɗan dutse a inda ake taka laka. Kishi ya kama shi sosai, har abinci ya ƙi shiga ranar. Ya yi ta sauya lokaci ko zai kama mutumin, bai taɓa yin katari da shi ba. Duk ranar da Gambo ya yi kudu, mai jakin ya yi yamma, kamar wanda ake kai wa rahoto.

Da ya huce sai ya ga ai mutumin bai ɓata komai ba, gyara ma yake yi, bai kuma kawo kowa ba. Wanda ya san darajar ruwa haka ba abokin gaba ba ne. Wata rana ya ƙulle bandar tarwaɗa biyu a ganye ya rataye a reshen kanya. Da ya dawo babu kifi, sai albasa manya guda uku a rataye a wurin. Mai hankali da ya ga albasa ai da ya zauna ya yi tunani. Gambo kuwa ya ce albasa ta cika duniya, ya kai wa Ɗelu ta sa a miya. Ita ta juya albasar a hannunta, ta dubi ɗaurin, ta yi shiru, don akwai maganar da ɗiya ba ta iya ɗauka daga uba ta kai wa miji. Haka aka yi ta musayar kifi da albasa a rassan itatuwa shekara da shekaru, Gambo yana ce wa kowa yana da amini a daji wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Sannan fari ya zo. Waɗanda suka ga farkon shekarun saba'in ba sa son a tuna musu. Damina ta yi ta zuwa da rowa, gero ya tsaya a gwiwa, Fulani suka yi kudu da abin da ya rage musu. Uwargida ta fara ƙafewa, ta koma fasasshiyar laka. Amarya ta bi ta, Marowaciya ta zama rami mai yashi. Tafkin gari ma ya ja da baya, Bakin Yashi ya koma fili inda awaki ke yawo, Malam Alhassan yana haƙa rijiya a cikin lambu yana bin ruwa ƙasa. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Gambo ya rame, ba don yunwa kaɗai ba, ya daina waƙa a kan keke.

Cikin bazarar da ta fi kowace tsanani, yana tafe ta gefen dajin Baban Rafi, ya gamu da wata saniya da ta ɓace wa garke, ƙashi da fata, amma cikinta da ɗanyar laka. Ya sauka daga keke. Ya bi sawunta ta cikin sarƙaƙiya, ya gangara wani kwazazzabo, ya bi busasshen rafi yana tura keke cikin yashi, har ya fara cewa ko aljanu ne ke wasa da shi. Sai ya ji sanyi ya bugi fuskarsa. A ƙarƙashin wani dutse, inda manyan itatuwa suka haɗa kai rana ba ta sauka, ga ruwa nan baƙi wuluk, mai zurfi, yana tsattsafowa daga ƙasa. Ya durƙusa ya yi wa Allah godiya da hawaye. Wannan karon ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ya kuwa cika alkawari har kwana biyu, sannan ya kwatanta wa majalisa saniyar da kwazazzabon, wai don su ji ikon Allah.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ranar kasuwar Jibiya duk garin an san Gambo yana Jibiya, shekara goma bai taɓa fashi ba. Amma a wannan makon masunta ba su kamo abin kirki ba, kwandunansa babu ko ƙaya. Ya fita da keke kamar kullum don zaman gida ya ishe shi, da ya kai mararraba sai ya karya ya nufi daji. Zafi ya kai inda ya kai. Ya iso ta saman dutsen, ya yar da keke, ya fizge riga, ko duba gabas da yamma bai yi ba, ya sheƙo da gudu ya daka tsalle.

Ya nutse har ƙasa, sanyi ya ratsa shi, ya taso yana furzar da ruwa yana dariya. Yana share ido sai ga fuska a gabansa, kusa har zai iya taɓa ta. Farin gemu yana ɗigar ruwa. Malam Alhassan ne, ruwa iya wuya.

A tare suka juya wa juna baya, kamar an kaɗa musu ganga. Sai a lokacin Gambo ya hango baƙin jakin surukinsa ɗaure a bayan wata sabara, da riga da malafa a rataye a reshe. Albasar shekara da shekaru ta faɗo masa a rai gaba ɗaya. Ya so ƙasan ruwan ta buɗe ta haɗiye shi.

Ga shi kuwa mafita ɗaya ce, wani ɗan gangare a gefen da jakin yake, sauran duk dutse ne mai santsi. In Gambo ya fita, ya ratsa ta gaban surukinsa da bante. In tsohon ya fita, ya ratsa ta gaban mijin ɗiyarsa. Yaro ba ya ce wa babba fita, babba kuma ba zai nuna ya ga abin da ya gani ba. Suka tsaya a haka, kowa yana kallon nasa dutsen, kowa yana yi kamar shi kaɗai ne a duniya. Inuwa ta gusa. Ruwan da Gambo ya yi ta yabon sanyinsa ya fara cizo. Can sai ya ji tsohon ya yi tari, ya sake yi, irin tarin da ke fitowa daga ƙirji, haƙoransa kuma suna haɗuwa. Tsoro ya kama Gambo, don ya san mutumin nan zai yarda sanyi ya kashe shi a nan da dai ya fita.

Sai ya ji Malam Alhassan ya gyara murya, ya yi wa jakinsa magana.

“Duna, yau ba kasuwar Jibiya ba ce?”

Gambo ya dubi jakin ya ce, “Duna, ka hwaɗa ma Baba kihi ne babu. Ka ce mishi a yi mani aikin gahwara.”

“Duna, ba laihin kowa. Ni na biyo sawun mutane. Tun ta bayan Safo nake biye.” Tsohon ya yi tari. “Ka ce ma mai keke na san don wa ya bar tabki. Tun ranar da ya hito da bante ya koma, na gani.”

Gambo ya ce, “Duna, ni na ɗauka girma ne ya hana Baba shiga.”

“Wane girma? Ƙohwar zaurenshi tana kallon Bakin Yashi. In tuɓe gaban mijin ɗiyata?” Sannan tsohon ya ce a hankali, “Shekarun da ruwa ya cika har gindin darni, mu biyu munka bar ma kwaɗi shi. Ga shi yanzu awaki ke kiwo a wurin.”

Maganar ta soki Gambo. Ya tuna mutumin da yake miƙewa tsakiyar tafki yara suna kallo, ashe shi ne ya fitar da shi daga ruwan ba tare da ya sani ba, har tsoho yana hawa jaki yana bin daji a ɓoye. Tarin ya sake tashi. Gambo ya ce, “Duna, ni zan yi kurme. Numhwashina yana da tsawo, kuma in ina ƙasa ba ni ganin komi.”

Ya cika ƙirji da iska ya nutse. Ya laluba ya kama wata saiwa a ƙasa, ya runtse ido, ya ƙanƙame ta. To tsoho ne, ga sanyi ya ɗaure masa gaɓoɓi, ga gangare da santsi. Gambo yana jin motsin ruwa a bayansa a hankali, a hankali, kamar ba za a gama ba. Ƙirjinsa ya fara zafi. Kunnuwansa suka ɗauki ƙara. Ya ce a ransa yanzu ya kai gangare, yanzu yana neman wando, yanzu zariya ta ƙi shiga, ya ƙara riƙe saiwar. Duk kurmen da ya yi a rayuwarsa na wasa ne, wannan ne na gaske. Sai da ya ga wuta-wuta a cikin idonsa sannan ya saki, ya taso yana haki kamar zai shiɗe.

Gangare babu kowa. Daga bayan sabara ya ji muryar tsohon, cikin riga da malafa, yana kwance jaki.

“Duna, numhwashin ba laihi. Amma ka ce mishi hannun hagu har yau bai hita daidai, tun yana yaro nake gani.”

Gambo ya kifa fuska a ruwa yana dariya marar sauti, har ƙarar kofaton jaki ta ɓace.

Ba su ƙara tayar da maganar ba. Washegari suka haɗu a hanya, Gambo ya cire takalmi ya durƙusa, tsohon ya amsa gaisuwa yana kallon gefe, kamar kullum. Amma cikin makon nan Gambo ya kwaɓa ƙasa, ya toshe ƙofar zauren da ubansa ya gina tana kallon tafki, ya fasa wata ta bayan gida wajen hanya. Maƙwabta suka taru suna tambaya, ya ce feshin ruwan sama ne ke damunsa. Suka dubi sama, wadda ta shekara ba ta yi abin kirki ba, suka dubi juna, suka ce fari ya taɓa Gambo.

Daminar shekarar nan ta zo da albarka. Gulbi ya kawo, tafki ya yi ta hawowa har ya kori awaki, ya shafe Bakin Yashi, ya taɓa gindin darnin lambu. A ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Alhassan, wanda ba ya magana a taro, ya tsaya a ƙofar masallaci ya shaida wa jama'a cewa idonsa ya yi rauni, in abu ya wuce tsawon sanda ba ya bambanta mutum da kututture. Aka yi ta yi masa sannu, ana kawo sunayen masu magani. Da yamma aka gan shi a lambu yana tsince irin albasa ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu.

Ɗelu ce ta kawo wa mijinta labarin, tana faɗa tana kallon ƙasa. Gambo bai jira ta gama ba. Ya zagaya ta sabuwar ƙofa, ya gangara, ya wuce lambun, inda malafar surukinsa ke sunkuye ba ta ɗago ba, ya rataye rigarsa, ya shiga ruwan da aka haife shi a bakinsa. Yara suka jeru a gaɓa suna mamakin ashe mai kifi ya iya iyo. Ya miƙe har tsakiya, yana kula da hannun hagu.

Washegari da hantsi bai fita kasuwa ba. Ya tara 'ya'yansa a tsakar gida ya ce yau ba mai leƙa waje, shi kuma ya zauna ya jingina bayansa da sabon bangon da ya toshe. Ɗelu tana daka. Suka ji an gama ban ruwa a lambu, guga ta daina ƙara. Can sai ga ƙarar faɗawar mutum mai nauyi cikin ruwa, sai tari, sai wata dariya ta tsoho, mai faɗi, wadda ta hau gaɓa ta tsallako bango.

Ɗelu ta tsayar da taɓarya. Ta ce rabonta da jin dariyar nan tun tana budurwa, ta sa gefen zane ta share ido.

Ƙaramin ɗansu ya ce, “Baba, wa ke cikin ruwa?”

Gambo ya ce, “Ban gani ba. Zauna.”